Kyanwar da Hedimasta Ya Riƙe

Malama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya tare da Inna da sauran mutanen gida.

Na rubuto ne bisa larura. Na kira lambarki ba ta shiga, daga baya aka fahimtar da ni cewa toshe ni kika yi. Wannan haƙƙinki ne, ba zan ce komai a kai ba. Direban motar makarantarmu yana bi ta layinku kullum, shi zai miƙa miki wannan takarda, shi kuma zai karɓi amsa idan akwai.

Batun shi ne kyanwar nan, Toka. Kwanan nan ta tsiri amai. Da farko na ɗauka gashi take haɗiya wajen lasar jiki, na share ban damu ba. To abin ya wuce nan. Ta yi a ƙarƙashin tebur, ta yi a bakin ƙofa, ta yi a cikin takalmina na zuwa aiki, ban kuwa sani ba sai da na zura ƙafa. Shekaranjiya ta hau teburin karatu ta yi a kan takardun jarrabawar 'yan aji uku, dole na ce wa malaminsu shayi ne ya zube.

Ina ba ta abin da nake ci, ina ƙara mata da madara. Ina so ki rubuto mini a taƙaice abin da kike ba ta, da kuma ko ta taɓa yin irin wannan a hannunki.

Kada ki ɗauki wannan takarda da wata manufa. Maganar dabba ce kawai.

Na gode.
Hedimasta

*

Malam Hedimasta,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Inna ma ta samu sauƙi, har ta fara takawa zuwa bakin ƙofa, tun da ka tambaya. Sai dai ka makara, lokacin da take kwance a asibiti ya kamata ka yi tambayar.

Na karanta takardarka. Wurin takalmin nan sai da na maimaita, na kuma karanta wa Inna, ta yi dariyar da ban ji ta yi ba tun da aka sallamo ta. Allah ya yi wa Toka albarka.

Ka ce maganar dabba ce kawai. Bari in tuna maka dabbar wace ce. Ni na tsamo ta daga kwatar bayan gida ranar da aka yi ruwa, ko idonta bai gama buɗewa ba, ka ce in fitar maka da ƙazanta. Ni na shayar da ita da sirinji, a kwandon ƙyallayen ɗinkina ta girma. Da Inna ta faɗi na tafi jinyarta, ka ce in dawo ƙarshen mako ko in zauna can gaba ɗaya. Ban dawo ba, don babu mai juya ta a gado sai ni. Takardar saki ta same ni a barandar asibiti ina riƙe da kwanon wanke mata baki. Duk wannan na haɗiye. Amma ranar da na zo kwasar kayana, ka kulle Toka a banɗaki, ka jefa makullin a aljihu, ka ce duk abin da aka tsinta a cikin katangar gidanka naka ne. Ana ɗaure keken ɗinkina a mota, ita tana kuka tana yagar ƙofa. Ba ka taɓa shafa bayanta ba. Ka riƙe ta ne don ka ga hawayena, ka kuwa gani.

Mafi sauƙi shi ne ka sa ta a kwali ka ba direba. Na san ba za ka yi ba.

To ga abin da na sani, don ita, ba don kai ba. Ka daina ba ta madara, ba ta zama a cikinta. Ka daina ba ta abincinka mai yaji da maiƙo. Ka dafa tsokar kaza a ruwa zalla, ba gishiri, ka yayyaga ƙanana, ka riƙa ba ta kaɗan-kaɗan.

Sai kuma babban kafet ɗin falo mai gashi, wanda kake sa ni in durƙusa in taje shi da buroshi duk Asabar kana tsaye a kaina kana nuna inda na tsallake. Shi ne tushen ciwon. Gashinsa take haɗiya, kuma muddin yana gidan ba za ta daina ba. Haka ma turarenka mai baƙar kwalba, yana tayar wa kyanwa zuciya. Ka bar fesa shi.

Ka huta lafiya.
Mai ɗinki, uwar Toka

*

Malama,

Assalamu alaikum, da fatan an tashi lafiya.

Na samu amsarki. Ban rubuto don a buɗe tsohon shafi ba, saboda haka ba zan tanka kashin farko na takardar ba. Game da mayar da kyanwar, na riga na yanke hukunci, kin kuma san ba na sake hukunci.

An naɗe kafet an kai ɗakin ajiya na makaranta. Na dakatar da turare, har mataimakina ya ja ni gefe ya tambaye ni ko lafiya. Kazar kuwa, tukunyar farko ta ƙone saboda na shagala da labarai a rediyo, ta biyu ta yi daidai. Ta ci sosai, aman ya ɗan lafa, har na yi zaton an gama. Jiya kuma ya dawo, a kan siminti wannan karon, wanda aƙalla ya fi sauƙin gogewa.

Ta ɗan rame, amma ba wani abin tashin hankali ba ne. Idan akwai abin da kika manta ba ki faɗa ba, ina saurare.

Na gode.
Hedimasta

*

Malam,

Wa'alaikumus salam. Sannu da girki. Shekarun da na yi a gidan nan ban taɓa ganin ka leƙa kicin ba sai in za ka ce miya ta yi gishiri.

Lallai na manta da wasu abubuwa. Kujerarka ta fata, wadda ba wanda ya isa ya zauna a kai, wadda ka tayar da Inna daga kanta ranar da ta kawo mana ziyara. Man da kake goge ta da shi Toka ke lasa. A fitar da ita. Labulen falo ma ƙura ya tara, a sauke. Rediyon da kake ƙure wa murya da asuba yana firgita ta, kyanwa kuwa in ta firgita cikinta ke juyawa. A kashe.

In ka yi duk wannan ba ta daina ba, ka ɗauke ta ka kai ta asibitin dabbobi, yana nan bayan tashar mota. Wannan maganar ta ƙarshe ka riƙe ta da kyau.

Sai na ji daga gare ka.
Uwar Toka

*

Antina,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Auta ce, ƙanwar tsohon mijinki, in ba ki manta da ni ba. Na yi ta kiran wayarki, ashe duk danginmu kika haɗa kika toshe, har da ni da na sha kuka ranar da kika tafi. Ba komai, direban su Yaya ya ce zai kawo miki.

Anti, ki ji tsoron Allah. Na je gidan Yaya ran Lahadi na ɗauka ɓarayi ne suka shiga. Ba kafet, ba labule, ba kujera. Na same shi zaune a kan tabarma a tsakiyar falo, kwano a gabansa, yana yayyaga kaza da yatsu, gilashi a kan hanci kamar mai duba jarrabawa.

Na ce, "Yaya, tashi za ka yi daga gidan?"

Ya ce, "Magani ake yi wa kyanwa."

Da ya fara jero mini abubuwan da kika ce a fitar, na danne, na danne, yana zuwa kan rediyo dariya ta ƙwace mini. Na ce, "Yaya, yanzu rediyo ne ke sa amai? Wallahi Anti wasa take yi da hankalinka." Ban san sa'ad da maganar ta fita ba. Ya cire gilashin, ya goge, ya mayar, ya ce in gaida maigidana. Kin dai san kora ce. Ki yafe mini, na ɓata miki shiri.

Amma ba wannan ya sa na rubuto ba. Toka ba ta da lafiya da gaske, kuma Yaya ba zai gaya miki ba. Da na ɗaga ta kamar tsumma na ɗaga, haƙarƙarinta duk a waje. Yawu na dalala daga bakinta, tana ta kai hannu tana gogawa kamar wani abu na cin ta a ciki. Ko ruwa ta sha sai ya dawo. Na ce ya kai ta asibiti, ya ce shi ba zai ratsa titi rungume da mage ɗalibansa na kallo ba.

Abin da ya rage a falon, talabijin ne sai shukar nan tasa. Ba ki san ta ba, bayan tafiyarki iyayen yara suka ba shi kyauta da makarantarsu ta zo ta ɗaya. A cikin babbar tukunya take, ganyenta faffaɗa, kore mai ɗigo-ɗigon fari a tsakiya. Da hankici yake goge ganyen ɗaya bayan ɗaya, duk baƙon da ya zo sai ya ba shi tarihinta. Toka ma can take wuni a gindinta, ganyen ƙasa duk ta tattauna su, shi kuma yana ta faɗa wai tana lalata masa kyauta.

Don Allah ki yi wani abu. Ki gaida Inna.

Taki har kullum,
Auta

*

Malam,

Salam. Ka karanta wannan a tsaye, kada ka bari sai ka tashi daga aiki.

Shukar da ke falonka guba ce. Na san ta, akwai irinta a gidanmu ina yarinya. Na taɓa tauna ganyenta, harshena ya kumbura, na wuni ban iya haɗiyar yawu ba, a ranar Baba ya tumɓuke ta. Ita Toka ke ci. Ita ke ƙona mata baki da maƙogwaro, shi ya sa take dalalar da yawu, shi ya sa komai ba ya zama a cikinta. Da ka gaya mini gaskiyar halin da take ciki tun farko, da ba a kai nan ba.

Na san abin da Auta ta faɗa maka. Kafet da kujera da rediyo, wannan tsakanina da kai ne. Wannan kuwa ba wasa a ciki. Ka fitar da tukunyar nan yau, ka kai Toka asibiti yau. In ba za ka iya ba, ka bar wa mai gadi makulli in zo in ɗauke ta.

Ina jira.
Uwar Toka

*

Malama,

Wa'alaikumus salam.

Na yaba da hikimarki. Da Auta ta ba ki labarin abin da ya rage mini a falo, na san ba za a kwana biyu ba shi ma zai zama guba.

An dawo da kafet. An dawo da kujera, a kanta nake zaune yanzu. Shukar kyauta ce ta girmamawa daga iyayen ɗalibaina, kuma tana nan inda take. Na umarci mai gadi kada ya buɗe wa kowa gida in ba na nan.

Kyanwar za ta warke da kanta. Wannan ce takardata ta ƙarshe a kan batun.

Hedimasta

*

Antina,

Sallama. Ki kwantar da hankalinki tukuna, tana da rai. Na fara da wannan don na san yadda kika koma gida. Mai gadi ya gaya mini kin zo da rana kin yi ta bugun ƙofa, kina kiran sunanta ta taga, ya ce shi kansa sai da ya ji kunya ya koma bayan gida.

Washegari Yaya ya dawo cin abincin rana ya same ta a gindin tukunyar, kwance a kan gefenta, bakinta a buɗe tana jan numfashi da ƙyar. Ya kira ni a waya, muryarsa ban taɓa jin ta haka ba. Ya ce, "Auta, ba ta motsi." Kafin in iso har ya naɗe ta a rigarsa ta zuwa taro ya fito. Bai tsaya neman kwali ba, bai jira mota ba. Daidai lokacin tashin makaranta ne kuwa, titi cike da ɗalibansa. Suna gaishe shi yana wucewa, ƙananan suka bi bayansa har tashar mota. Wutsiyarta na lilo ta ƙarƙashin hannunsa, takalminsa ɗaya ba a ɗaure ba. Anti, abin da kika so gani ne, amma da kin gani da ba ki yi dariya ba.

Likitar ta buɗe bakinta da fitila, ta ce, "Akwai shuka a cikin gidan?"

Ni na kwatanta mata.

Ta ce, "Wa ya bar kyanwa da wannan a ɗaki ɗaya? Ba wanda ya gaya muku?"

Yaya ya ce, "An gaya mini."

An yi mata allura, an sa mata ƙarin ruwa, ta kwana a can. Da muka koma gida bai ko zauna ba, ya rungumi tukunyar nan ya kai ta bola da kansa.

Ga matsalar. Likita ta ce maƙogwaronta duk ya saɓule, sai an riƙa ɗura mata abinci mai ruwa-ruwa da sirinji, kaɗan-kaɗan, daga safe har dare, har ta warke. Yaya yana makaranta wuni guda. Ni kuma kin san maigidana ko gashin mage ya gani sai atishawa. Yaya ya ce in tambaye ki ko direba ya kawo miki ita gobe. Ya kasa rubutawa da kansa.

Ki amsa da wuri.

Taki,
Auta

*

Malam,

Assalamu alaikum. Auta ka aiko, amma kai zan amsa wa.

Zan karɓe ta. Sirinji na nan, kwandonta na nan, na rage ɗinkin mutane na wannan makon. Amma direba ba zai kawo ta ba. Ba direba ne ya kulle ta a banɗaki ba.

Kai za ka kawo ta, da hannunka, gobe da hantsi, lokacin da layinmu ke cike da mutane kuma masu kawo ɗinki na zaune a shagona. Za ka shigo ka durƙusa ka gaida Inna, ka yi mata sannu da jikin da ba ka taɓa zuwa dubawa ba. Sannan ka faɗa da bakinka, a gabanta da gaban duk wanda ke wurin, cewa kyanwar tawa ce kuma zalunci ka yi da ka riƙe ta. Kada ka rubuto a takarda, na gaji da rubutunka. Kada kuma ka ce an samu kuskure, kamar yadda kake faɗa wa iyayen yara. Ka ce kai ka yi.

In ka ga abin ya fi ƙarfinka, ka gaya wa Auta, in je asibitin da kaina in karɓe ta, in kuma ba likita labarin tun daga farko, da duk wanda ya tambaye ni a hanya.

Ban yi nadamar kafet ba, in kana son sani. Da ma gadon na ce ka fitar.

Sai goben.
Uwar Toka

*

Malama,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya, ke da Inna. Yaya mai jiki? Tana karɓar abincin?

Na ce ba zan sake rubutu ba, ga shi na sake.

Na yi abin da kika ce, kin shaida. Ban san mata nawa ne a shagon ba, ban ɗaga kai ba, na dai ji keken ɗinki ya tsaya cak sa'ad da na fara magana. Abin da ya fi mini nauyi ba su ba ne. Inna ce, da ta bar ni a durƙushe ta daɗe tana kallona, sannan ta ce a kawo mini kujera mai kyau in zauna. Gara da ta zage ni.

Gidan ya yi shiru. Da asuba na tashi na ɗora tukunyar kaza, sai da ta tafasa na tuna babu mai ci. Ban san na saba da ita haka ba. In na zauna duba takardu, a kan ƙafata take kwanciya. Kin ce ban taɓa shafa bayanta ba, a lokacinki gaskiya ne.

Na san kin ga abin da ta yi da zan fita. Duk da rashin ƙarfinta ta sauko daga kwandon, ta biyo ni bakin ƙofa ta goga kanta a ƙafata. Kin juyar da kai, amma kin gani. Idan ita da na kusa kashewa ta iya wannan, na ce bari in gwada sa'ata.

Ina neman izini in turo Kawu wajen Inna, a zauna a yi magana a kan komawarki ɗakinki. Ba zan sa ranar dawowa ba, ba zan sa sharaɗi ba. Ke za ki sa naki.

Ina sauraren amsarki.
Tsohon mijinki

*

Malam,

Wa'alaikumus salam. Inna ta amsa gaisuwa.

Na gani. Toka tana goga kanta a ƙafar mai kawo gawayi ma.

Kada a wahalar da Kawu. Direba kuma ya daina tsayawa a ƙofarmu daga yau.

Ka tambayi jikinta. Ta ci da safe, ta ci da rana, abin da ta ci ya zauna, bai dawo ba. Ni ma haka.

Ka huta lafiya.
Uwar Toka